Jinin Kunnen Farfesa

Kafin a laƙaba masa Dakta Zomo, a sashenmu na gwaje-gwajen jini Dakta Bari-in-yi-maka-bayani muke ce masa. Sunan ya yi tsawo, shi ya sa bai ɗore ba, amma ya dace da mai shi. Mutum ne dogo, siriri, farar rigar aikinsa kullum a goge, aljihunta cike da biro kala-kala waɗanda rabinsu ba sa rubutu. In ka gaishe shi a baranda ka kuskura ka ce, "Ya aiki?" to ka nemi wurin zama.

Mun daɗe muna ɗaki ɗaya da shi, teburina na kallon nasa, firij ɗaya muke rabawa. Ni zazzaɓin cizon sauro nake bincike a kai, don haka ban taɓa shan wahalar gaya wa dangi abin da nake yi ba. Shi kuwa ko mahaifiyarsa har ta rasu ba ta gane ba. Abin da ta sani kawai, ta tura shi karatun likita, ya dawo mata ba ya duba kowa. Shi yakan ce bincike ya zaɓa. Abokan karatunsa kuma sun ce ranar farko da aka kai su asibiti aka soka wa wani allura a gabansa, sai da aka yayyafa masa ruwa.

Bayanin aikinsa na haddace shi tas, saboda a gabana ya yi wa mai shara, ya yi wa mai gyaran fanka, ya yi wa wani bawan Allah da ya ɓata hanya yana neman banɗaki.

"A cikin jininka akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki," haka yake farawa. "Wasunsu ana ce musu T. In ɗayarsu ta yi karo da cuta, ba ta tashi faɗa haka nan, sai wani ɗan aike da ke cikinta ya kai saƙo cewa ga abokin gaba a ƙofa. Ɗan aiken nan shi ne enzayim ɗin da nake bi. Ido ba ya ganinsa. Sai ka fasa ƙwayoyin, ka baza abin da ke cikinsu a kan wata farar takarda, ka zuba antibodi. Shi antibodi wani ruwa ne da ba ya kama komai sai ɗan aiken. In yana nan, baƙin layi siriri zai fito a fim, irin na hoton ƙashi a asibiti. In ba ya nan, fim fes."

Mai gyaran fanka ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Shi ke nan, Yallaɓai?"

"Shi ke nan."

"Duk karatun nan don layi ɗaya?"

Matsalar ita ce ko layin ɗayan ma bai samu ba. A ƙasar da ya yi digirinsa na uku, in ka nemi antibodi da safe, gobe yana teburinka cikin ƙanƙara. A wurinmu kuwa, na farko da ya yi oda ya zauna a ofishin kaya na filin jirgi har ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Abu ne da zafi ke kashewa, don haka gawa aka miƙa masa.

Na biyu ya iso da ransa, ya faɗa hannun Mai Sito, wanda doka ta ce duk abin da ya shigo sashe sai ya gani da idonsa. Ya buɗe akwatin, ya zubar da ƙanƙarar a kwata, ya ɗaga 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, ya haska ta a rana.

"Dakta, an cuce ka. Babu komai a ciki."

"Ga shi nan a ƙasa, ɗigon nan! Don Allah sauke shi daga rana!"

"Wannan raɓar? To ni a ina zan rubuta lambar sito?"

Ya ajiye ta a kan teburinsa kusa da butar shayi, ya ce sai shugaban kwamitin sayayya ya dawo daga hutu ya sa hannu.

Na uku ya kai har firij ɗinmu. Dakta ya yi ta zagaye shi kamar mai jego. Sai aka ɗauke wuta, kuma janaretan sashe an haɗa shi ne da na'urar sanyaya ofishin Shugaban Sashe kaɗai. Ranar da wuta ta dawo, Dakta ya buɗe firij, ya rufe, ya zauna. Can ya ce da ni, "Malama, kin san su waɗancan kamfanonin daga ina suke samun antibodi?"

Na ce ban sani ba, duk da na sani, don na ga yana bukatar ya yi magana.

"Daga zomo! A yi wa zomo allurar ɗan guntun enzayim ɗin, jikinsa ya ɗauka baƙo ne ya haɗa abin kama shi, a ɗebi jini kaɗan a kunnensa a tace. Zomo fa! Mu rana ce ba mu da ita, ko ciyawa?"

Sashenmu yana da ɗakin dabbobi, amma an daɗe da mayar da shi ɗakin taron kwamitin kula da ɗakin dabbobi. Saboda haka a bayan gidansa ya kafa keji. Wani abokinsa na waje ya aiko masa da guntun enzayim ɗin a bushe, wanda zafi bai cika damunsa ba. Ya je kasuwa ya sayo zomaye biyu, mai sayarwa ya rantse masa duk maza ne. Kafin damina ta fita, ba ka iya taka bayan gidan sai ka duba ƙasa.

Matarsa tela ce, shagonta a ɗakin gaba na gidan, Madam Tela muke ce mata. Mace ce mai ƙiba, ba ta da yawan magana, ina jin don maigidan ya cinye rabonta. Ita ta ba ni labarin ranar allurar farko. Zomon da aka zaɓa wani ƙato ne mai ruwan toka, ba ya wasa da sauran, sai dai ya hau kan akwati ya ci ya ƙoshi yana kallon kowa a wulaƙance. Yara suka sa masa suna Farfesa. Dakta ya cika sirinji, ya durƙusa gaban Farfesa, ya shiga yi masa bayanin dalilin da ya sa za a yi masa allura. Bayani ya yi tsawo, allura kuwa ya kasa sokawa.

Madam Tela ta ce, "Baban yara, ina da ɗinkin mutane. Miƙo nan."

"Ba ki san wurin ba."

"Nuna min da yatsa, ka juya baya."

Haka aka yi, haka kuma aka ci gaba da yi. Ita ke allura, ita ke ɗiban jinin kunne, shi yana fuskantar bango yana ba da umarni. A duk takardun da ya rubuta daga baya, cewa yake "mun ɗebi jini", kuma ban taɓa jin ta yi gardama ba.

Wata safiya muna baranda yana ba ni labari da ƙarfi, kamar yadda ya saba. "Farfesa ya yi ƙiba har ba ya iya juyawa. Ba abin da yake yi sai ci da barci da harara. Ranar Asabar za mu danne shi, matata ta tsaga masa kunne mu kwashi jini."

Ashe Shugaban Sashe na bayanmu. Shi ne farfesa ɗaya tilo da muke da shi, ga tumbi, ga kunnuwa masha Allah. Ya shige ofis ya kulle ƙofa, ya kira masu gadi.

Aka kafa kwamitin ladabtarwa. Dakta ya yi bayani, ba wanda ya yarda, har sai da ya kawo wanda ake magana a kansa cikin kwando ya ɗora a teburin taro. Farfesa ya fito, ya dubi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ya kama cin gefen fayil ɗin tuhuma. Kwamiti ya wanke Dakta daga laifin shirya kai hari, amma ya same shi da laifin bai wa dabba muƙamin da ba ta nema ta hanyar da ta dace ba. Aka yanke cewa daga ranar a riƙa kiran zomon Ƙaramin Lakcara. Ƙananan lakcarori suka ce za su tafi yajin aiki. Maganar ta mutu a nan, zomo ya riƙe muƙaminsa, shi kuma Dakta ya fito da sabon suna.

Jinin farko da aka tace bai yi kyau ba. Fim ɗin ya fito da layuka reras kamar tsani, wato ruwan yana kama duk abin da ya gani. Dakta ya shafe watanni yana tacewa yana sake tacewa, yana zagin fim, yana ba fim haƙuri. Wata la'asar na ji ihu daga ɗakin duhu inda ake wanke fim. Na ɗauka wuta ce ta ja shi. Ya fito da fim ɗin yana ɗiga, ya manna min a fuska.

"Kalli! Kalli, ƙanwata!"

Layi ɗaya ne, siriri, baƙi ƙirin, daidai inda ya kamata. Ya gwada da ƙwayoyin da aka san ba su da enzayim ɗin, ba abin da ya fito. Ruwan Farfesa ya yi aiki, kuma ba ya jiran jirgi.

Kada a ɗauka nasara ta mayar da shi waliyyi. Ya rarraba ruwan a ƙananan kwalabe, ya zuba a akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya cusa a firiza, makullin na rataye a wuyansa. Da na roƙi ɗigo ɗaya don wani gwaji nawa, sai da ya tambaye ni tarihin aikina kamar bai san ni ba, sannan ya ce zai yi shawara.

Shugaban Sashe da ya ji labari sai ya manta da batun kunne. Ya gayyato 'yan jarida, ya ari farar riga wadda maɓallanta suka ƙi haɗuwa a tumbinsa, ya tsaya gaban kyamara ya ce, "A ƙarƙashin jagorancina, sashen nan ya gano sinadarin ƙarfafa garkuwar jiki daga jinin zomo." Aka miƙa wa Dakta makirufo. Ya gyara murya ya ce, "A cikin jininka akwai fararen ƙwayoyi," ya ci gaba har mai kyamara ya zauna a ƙasa. Da aka nuna a talabijin, an yanke duk bayanin in ban da rabin jimla ɗaya. Sauran hotonsa ne rungume da zomonsa Farfesa yana murmushi.

Washegari layi ya kai daga ƙofar gidansa har bakin titi. Masu ciwon baya, masu hawan jini, da wani da ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ƙari yake so. Dakta ya fito ya hau kan benci.

"Jama'a, ba magani ba ne! Nunawa kawai yake yi!"

Wata tsohuwa da ke gaba ta ce, "In ya nuna, sai me, ɗan nan?"

"Sai mu sani, Iya."

"To ai ni ma na san gwiwata na ciwo. Ba sani na zo nema ba."

Yana can yana fama da su a ƙofar gaba, ƙanin Madam Tela, wani mara aikin yi da ke zaune a gidan, yana miƙa zomaye ta kan katangar baya yana cewa jikokin Farfesa ne na cikinsa. Da Dakta ya gano ya tayar da ƙura, Madam Tela ta ɗago daga kan keke ta ce, "Ka bar shi. Tun da na aure ka ban ga bincikenka ya rage min shara ba sai yau."

A cikin duk waɗanda suka kalli talabijin ɗin, mutum ɗaya ce ta saurari rabin jimlar nan, inda ya ambaci sunan enzayim ɗin. Likitar yara ce a asibitin da ke maƙwabtaka da mu, 'yar gajeruwa mai saurin tafiya. Ta zo ɗakinmu lokacin hutu, sashe ba kowa sai ni da shi.

Ta ce tana da wata jaririya a kwance. Daga ciwon ƙirji sai gudawa, daga gudawa sai fararen ƙuraje a baki, a ba ta magani ta ɗan farfaɗo ta sake komawa. Iyayen sun taɓa rasa wani ɗa ta wannan hanya, dangin miji har sun fara cewa uwar ce ba ta da nono mai kyau. Ta ce, "Ƙwayoyin T ɗinta suna nan, amma kamar kurame, ba sa amsawa. Ina zargin ɗan aiken naka ne babu. Za ka iya duba min?"

Dakta ya shafa makullin wuyansa. Ban taɓa ganin ya buɗe akwatin nan da sauri haka ba.

Sai dai gwajin yana bukatar jinin mai lafiya a gefe don kwatantawa. Ni a ranar zazzaɓin da nake bincike a kai ne ya kama ni, ina rawar sanyi a kujera. Likitar kuma ta kwana biyu tana mura. Muka juya muka dube shi.

"Ni? Ai ni... akwai mai gadi."

"Mai gadi ya tafi cin abinci," in ji likitar, tana warware robar ɗaure hannu. "Naɗe hannun riga, Dakta."

Ya naɗe. Ya juya ga bango yadda ya saba, ya fara gaya mata wace jijiya ce ta fi dacewa. Bai kai ƙarshen maganar ba ya sulale. Muka kwantar da shi a ƙasa, muka ɗora ƙafafunsa a kan kwali. Da ya buɗe ido abin da ya fara cewa shi ne, "Kun sa shi a ƙanƙara?"

Da fim ya fito, gefensa ga layi nan ƙarara. Gefen jaririyar fari fes. Ya sake gwajin daga farko, ya sake fitowa haka. Wannan karon babu ihu. Ya zauna da fim ɗin a hannu yana kallon wurin da ba komai, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana roƙon layi ya fito.

Likitar ta shigo da uban yarinyar, wani direban babbar mota, idanunsa jajur. Na ce a raina, yau bawan Allah nan zai sha bayani. Amma Dakta ya nuna masa fim ɗin ya ce, "Wannan nawa ne. Wannan na 'yarka. Akwai wani abu da jikinta ke bukata don yaƙar cuta, ba a haife ta da shi ba."

Mutumin ya dubi fim ɗin. Ya ce, "Ke nan ba daga uwarta ba ne?"

"Ba laifin uwarta ba ne, ba naka ba ne. Gado ne da ya ɓuya a jikinku ku biyu, ba yadda za a yi ku sani."

"Yallaɓai, ko za ka maimaita wannan a gaban yayata?"

Ya je, ya maimaita. An ce a can kam ya saki jiki, sai da yayar ta roƙi gafarar kowa don a ƙyale ta ta tafi.

Fim ɗin bai warkar da kowa ba, amma ya nuna wa likitar inda za ta dosa. Ta killace yarinyar, ta hana a yi mata wasu alluran rigakafi da za su iya cutar da mai irin jikinta, ta aika da sakamakon wani babban asibiti mai nisa. Can suka tabbatar, suka karɓe ta, aka yi mata dashen ɓargo daga jikin wani wanta mai lafiya. An sha wuya, amma ta rayu. Uban yakan tsaya da motarsa a bakin sashenmu ya danna hon har sai Dakta ya leƙo ta taga.

Na ce wa Shugaban Sashe wannan ne ya kamata a kira wa 'yan jarida. Ya ɗaga fim ɗin ya duba, ya juya shi, ya ce, "Ina sakamakon?"

"Ranka ya daɗe, rashin layin shi ne sakamakon."

"Malama, so kike in tara manyan mutane in nuna musu babu?"

Batun ƙarin girma ma haka ya tafi. Kwamiti ya duba takardun Dakta ya ce aikin zomo ne, a kai tsangayar noma. Tsangayar noma ta ce aikin jini ne, a mayar. Fayil ɗin na kan hanya tsakanin gine-ginen biyu har shekarun ritayarsa suka cika. Farfesa kuwa ya mutu da tsufa a kan akwatinsa, bayan ya bar ruwan da har yau ɗalibanmu ke amfani da shi, da wasu asibitoci da ke aiko da jini a duba musu. A bikin sallama aka miƙa wa Dakta allon yabo mai ƙyalli, an rubuta ana gode masa bisa gudummawarsa ga kiwon ƙananan dabbobi. Ya karɓa, ya karanta, ya buɗe baki zai gyara, Madam Tela ta ja masa riga ya zauna.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya bi Madam Tela shago yana gaya mata yadda keken ɗinki ke aiki, har ta je da kanta ta roƙi shugaban makarantar sakandaren unguwarsu ya ba shi aji, ko kyauta ne. Aka ba shi kimiyya ranar Laraba.

Kwanaki na bi ta makarantar da rana. Ta taga na hango shi, alli ya ɓata masa gaban riga, ya zana wani ƙaton da'ira a allo, ya tsayar da yara uku a gaba, ɗaya cuta, ɗaya ƙwayar T, ɗaya ɗan aike. Ɗan aiken na ta zagaye aji a guje, sauran na ihu suna buga tebur. An daɗe da kaɗa ƙararrawa. A bakin ƙofa ga malamin lissafi tsaye da littattafansa a hammata, ya duba agogo, ya duba Dakta, daga ƙarshe ya jawo wata kujera da ba kowa ya zauna a bayan aji.